Rufin Tashar Jirgin Kaka

"...lafiya lau. Ya jikin? Ya hannun?"

"Hannu yana nan inda kika bar shi. Faɗi abin da ya kawo ki, amarya. Rabon da ki durƙusa min haka tun ranar da kika zaune min tabarau."

Jikar ta yi dariyar yaƙe. Idonta na kan teburin gefen taga, inda tashar jirgin ƙasa ta kwali take tsaye da hasumiyar agogonta, ga kwalbar gam a gefe. Irin ginin nan ne da ake sayarwa gutsi-gutsi, mutum ya zauna ya harhaɗa. Sati bakwai kakan nata ya yi yana fama da shi. Tsohon magini ne, kuma tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa masa hannun dama, wannan ne abu na farko da ya fara ya ga ƙarshensa. Ita kuwa ƙarfe huɗu take da wasan ƙarshe a gasar yaƙin tebur, inda ake jera sojojin roba masu tsawon ɗan yatsa tsakanin gine-gine ana gwabzawa. Kowa da gininsa yake zuwa. Nata, wani ƙato ya murƙushe shi da buhu a cikin mota da safe.

"Aron tashar nan na zo, angona."

"Yau kuma ni ne ango? Jiya ba ke kika ce na yi kama da karyayyiyar lema ba?"

"Lemar ma ai ana gyara ta a shiga ruwa."

"Ki kai min gini cikin ƙartin nan masu gemu da ke wasan 'yar tsana?"

"Yaƙi ne, tsoho!"

"Yaƙin da aka lallasa ki sau huɗu? Har kwamandanki ya tsere, wata biyu kina rarrafe ƙarƙashin kujeru kina nemansa."

"Ɓata ya yi."

"Gudu ya yi. Ni ma da sojanki ne da tuni na koma wajen abokan gaba." Ya ɗaga haɓa. "Mece ce waccan da ke leƙowa daga jakarki?"

Ta dubi jakar. 'Yar wuƙar yankan kwali ce, ta manta ba ta tura ta ƙasa ba.

"Dokar wasan ce," ta ce a hankali. "Ginin da ba a iya sa soja a cikinsa, alƙali ba ya karɓa. Sai an... cire rufin."

Tsohon ya dubi tashar, ya dubi hannunsa da ke rawa a kan gwiwa.

"Shekara arba'in ina gini," ya ce, "ba a taɓa yaye min rufi ba."

Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ta nutse. Ta tuna ranar da ta same shi yana bin guntu ɗaya da yatsu har gumi ya jiƙa masa riga.

"Bar shi kawai, Kaka. Zan janye daga gasar."

"Kaka?" Ya haɗe rai. "Au, tsohon ya ƙare? Tausayina kike ji? Kin shiga layin masu yi min magana ƙasa-ƙasa kamar na kusa tafiya?"

"Ba haka ba ne..."

"Matsa can, mummuna!"

Ya miƙe, ya soke hannun hagu a aljihu, ya kai na dama kan rufin. Yatsun na karkarwa. Hasumiyar ta karkata, wata taga ta yi ƙara. Jikar ta maƙale hannuwanta a baya don kada su kai masa ɗauki.

Rufin ya taso ɗungurungum. Ko ɗigon gam ba a sa masa ba. A tsakiyar tashar kuwa ga kwamandanta tsaye, da jar hularsa da takobi.

"Ɓarawo!"

"Aronsa na yi don ma'auni. Ƙofar ta yi masa kaɗan, na ƙara mata tsawo. Ban da tsabar rashin kai, wa ke yanka ginin da don wasanki aka yi shi?"

"Wata biyu kana kallona ina rarrafe!"

"Motsa jiki ne, likita ya ce yana da amfani. Ɗauki ki tafi. In aka ci ki na biyar, na sake ki."

Ta fashe da dariya tana share ido da bayan hannu.

"Na yarda, tsohon banza, ka ci wannan."

"Yauwa," ya ce. "Yanzu kika gaishe ni."

Ya miƙo mata rufin da hannun dama, ita kuma ba ta yi saurin karɓa ba, ta bar hannun ya yi aikinsa.