Ƙaryar da Na Yi wa Kwamfutar Ihlas

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa Ihlas tsawa a gaban malaminta ba, kuma gara in faɗa tun yanzu: laifina ne daga farko har ƙarshe. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma da kaina nake fushi.

Ihlas 'yar yayata Amna ce, lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a. Ni kuwa ɗan shago gare ni a unguwar Umbadda, ina sayar da dandurma, ƙanƙarar karkade (wato zoɓo) da tsamiya da ake ƙullawa a leda. Ɗauke wuta ya ishe ni, sai na je kasuwar Suk al-Arabi na sayo manyan batira biyu saboda firji. Na shigo unguwa a raksha, keke mai ƙafa uku, ina zaune a kansu, ina faɗa wa kowa cewa sababbi ne fil, kuma ba a haifi mai cuta ta a kasuwar nan ba.

Kwana tara fenti ya fara ɓarewa a gefen guda. A ƙarƙashi ga tsohon fenti, ga shekarar da aka ƙera shi, tun Ihlas tana sakandare. Na koma wurin mutumin da ya sayar min, ya dube ni ido cikin ido ya ce bai taɓa ganina ba (Allah ya isa, har gobe). Da na dawo sai na juya su duka biyun, gefen ya kalli bango, na ja bakina na yi shiru.

Ana nan Ihlas ta zo da kwamfutarta. Aikin kammala karatunta wani tsari ne da ta ƙirƙira mai kwaikwayon halin batir. Ka gaya masa shekarun batirin, da zafin ɗakin, da abin da yake ja, shi kuma ya faɗa maka lokacin da zai ƙare. Malaminta ya ce sai ya ga an gwada a shago na gaske kafin ya amince da aikin.

"Kawu, sababbi ka saya?"

"A kwalinsu. Ke ma sai kin tambaya?"

"Bari in jawo su in duba jikinsu."

"Kar ki taɓa min wayoyi. Abin da na faɗa miki shi za ki rubuta."

Ta rubuta.

Ita da malamin suka zaɓi ranar da ake ɗauke wutar unguwarmu tun safe. Malamin nata, wanda suke kira Dakta, ya taso tun daga unguwar Soba cikin zafin ranar nan, dattijo mai sanyin magana, ya zauna a kan benci da littafinsa. Yaya Amna ta kawo masa gahawa, tana ta kallon 'yarta tana murmushi. Kwamfuta ta ce batiran za su riƙe firji har bayan magariba. Ni kuma (wawa na ƙarshe) na cika firjin taf, wai don kar a ga ina shakka.

Ana idar da azahar na'urar da ke haɗa batiran da firji ta yi ƙara sau uku, firji ya yi tsit. Ihlas ta sake lissafi, ta sake. Nan ya kamata in buɗe baki. Sai na tsaya har la'asar, har jan ruwan karkade ya fara ɗiga, sannan na buɗe shi da tsawa.

"Wannan ne karatun? Shekara biyar ana kai ki ana dawo da ke, ki zo ki narkar min da kaya da akwatin ƙarya? Ni da ban wuce firamare ba na fi wannan abin sanin batir."

Maƙwabta suka taru a ƙofa. Daktan ya rufe littafinsa ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri ya Ihlas. Kuskuren ya yi yawa. Wataƙila sai baɗi."

Na ji wannan da kunnena, shekara guda ta yarinya, kuma wallahi ban yi magana ba. Wannan shirun ne ya fi ƙona min rai, ya fi tsawar.

Har ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya ya dubi batiran. "Ya Hajji, me ya sa suka ba mu baya?" Kafin in haɗa wata ƙaryar ya durƙusa ya jawo guda, ya kankare sauran fentin da makullin motarsa, ya karanta shekarar da ƙarfi. Ihlas ta saka ta a kwamfuta. Lokacin da ya fito bai fi minti goma tsakaninsa da sa'ad da firjin ya mutu ba.

Telan da ke kusa da ni ya leƙo ya ce, "Ashe dai an haife shi, mai cutar taka."

Aka kwashe da dariya. Ihlas ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce, "Kawu, ka sani?"

Na sunkuya ina goge ruwan karkade da tsumma, kamar shi ne abin gaggawa.

Aikinta ya wuce, daktan ma ya ce gwajin ya fi yadda ya zata. Ni abin da na koya shi ne kwamfuta ba ta jin kunyar kawun kowa, ƙaryar da ka ba ta a ɓoye za ta dawo maka da ita a gaban jama'a, har da minti.

Kwana uku Yaya Amna ba ta amsa sallamata. A rana ta huɗu na shiga gidan, na tarar da su a tsakar gida suna tsince wake. Na tsaya a tsaye, ban nemi kujera ba.

"Ihlas, kin tambaye ni ban amsa ba. Na sani. Tun kwana tara da sayensu na sani, ni na juya su bango da hannuna. Na zage ki a gaban mutane don kar a yi min dariya, kuma na yi shiru ana shirin cinye miki shekara. Ba ni da hujja ko ɗaya. Ki yafe min, 'yata."