Ranar da Na Kori Tafinta a Ajin Jikata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar da aka gayyace ni makarantar boko in yi tatsuniya. Ni da ban taɓa zama a benci ba, ni da ko sunana aka rubuta a bango sai in wuce shi ban gaishe shi ba.

Sai dai ku sani, rashin karatu bai taɓa sa na sunkuyar da kai ba. A unguwarmu nan Azare in ana zancen tatsuniya, ni ake fara ambata. Matan da yanzu suke goyon jikoki, a kan tabarmata suka yi gyangyaɗi suna yara. In na yi muryar kura, akuyar gida sai ta tsinke igiya. (To, na ɗan ƙara gishiri. Amma ta taɓa yin kuka, akwai shaidu.)

Jikata Bilkisu malamar firamare ce, kuma tana neman digiri na biyu a jami'a. Gidansu kaf gidan bincike ne. Mijinta, wanda kowa ke kira Injiniya, aikinsa bin garuruwa yana haƙa rami, ya ɗebi ƙasa a buhu ya kai ɗakin gwaji, wai a gano ko za ta iya ɗaukar gini. Ƙasar Katagum da muka taka tun muna yawo ba zane, yau ita ake tambaya ko tana da ƙarfi! Akwai kuma wani farfesa da aka haɗa Bilkisu da shi. Shi kuma nasa aikin ya karanta littafin da wani ya sha wahala ya rubuta, ya faɗi inda aka yi daidai da inda aka kauce. Na ce a unguwarmu ma muna da masu wannan sana'a, amma ba farfesa muke ce musu ba.

Wata la'asar Bilkisu ta shigo ta zauna kusa da ni tana murza mini ƙafa. Na san akwai magana, don jika ba ya tausa a banza.

"Hajiya Kaka, so nake ki zo ajina ki yi wa yara tatsuniya. Cikin bincikena ne. Farfesa ma zai zo ya ji ki."

"Da rana tsaka? Wa ya taɓa yin tatsuniya rana tana kallo?"

"Tsohuwa, ai makaranta ba ta buɗewa bayan isha'i."

Na ja aji, na ce zan duba. A zuciyata kuwa har na zaɓi leshin da zan sa.

Ta ce, "Amma tsaya in yi miki bayanin ajin, don ba irin wanda kike zato ba ne. Akwai yaran da..."

"Ke, rufa mini baki. Na yi wa uwarki tatsuniya, na yi miki kina majina har haɓa, yau ke za ki koya mini yara? Yaro ai yaro ne."

Ta yi dariya ta ce za ta gaya mini a hanya. A hanya kuwa, cikin motar Injiniya, ta sake ɗauko zancen. Ni kuma lokacin na duƙufa ina yi wa mijinta tsiya kan ramukan titi, wai shi mai auna ƙasa ga hanya ta zama rijiya yana kallo. Har muka isa yarinyar nan ba ta samu ƙofar da za ta shigar da maganarta ba.

Bari in gaya muku abin da ni ban tsaya na ji ba. Binciken Bilkisu a kan yadda za a zaunar da yara kurame aji ɗaya da masu ji ne, a koyar da su tare, kada a ware su. A ajin akwai kurame 'yan kaɗan, da wani malami, Malam Garba, wanda ke mayar musu da duk abin da aka faɗa zuwa maganar hannu. Cikinsu akwai wata yarinya Zulai, wadda zazzaɓi ya tafi da jinta tun tana goye. Uwarta, Talatu, ta daɗe da kulle ta a gida saboda tsokanar yaran layi. Bilkisu ta yi ta sintiri gidan har takalminta ya gaji, kafin Talatu ta yarda. Ta yarda ne kuma da sharaɗi: ranar da aka yi wa 'yarta dariya, ranar za ta bar makaranta. A ranar tatsuniyar an gayyaci iyaye su zo su gani da idonsu cewa babu mai wulaƙanta 'ya'yansu. Talatu tana zaune a bayan aji.

Ni duk ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne an shimfiɗa mini darduma a kan kujera, shugaban makaranta ya rusuna ya gaishe ni, Farfesa ya cire hula ya mayar yana cewa ya daɗe yana jin labarina, ga wayar Bilkisu an kafa a gabana tana ɗauka. Wani saurayi siriri ya zo ya durƙusa, "Barka da zuwa, Hajiya," na amsa ba tare da na tambayi ko shi wane ne ba. Ya koma ya tsaya a bayana ta hagu. Na zaci irin masu tsaron manyan baƙi ne. (Ku ji fa. Har dogari na ba kaina.)

Na gyara murya, na ɗaga sanda.

"Ga ta nan, ga ta nanku!"

Aji ya ɗauka, "Ta zo mu ji ta!"

Amma a bencin gaba, daidai saitin ƙafata, ga wata 'yar yarinya mai kitson shuku, bakinta ko motsi bai yi ba. Ba ma ni take kallo ba, idonta yana can sama da kafaɗata. A wajenmu mai tatsuniya ba ya tafiya sai an amsa masa. Wannan amsar ita ce izini, ita ce kuma ladabi. Na maimaita da ƙarfi ina dubanta. Aji ya sake amsawa har rufin kwano ya yi ƙara. Ita ko gezau.

Na haɗiye, na ce a raina yaran zamani ne, na shiga labari. Na ɗauko ta kurar da ta je gidan suna ba gayyata, ta ci tuwo har cikinta ya hana ta fita ta ƙofar zaure. Wannan tatsuniya ban taɓa yin ta ta faɗi ƙasa ba. Na yi tafiyar kura daga zaune, na yi yadda take lashe baki, yara suka fashe da dariya. Sai na lura da wani abu. In aji ya yi dariya ya lafa, sai wasu 'yan tsiraru a gaba su fara tasu, a makare, kuma ba ni suke kallo ba. Yarinyar nan mai shuku har da buga benci. Idanunsu duk a bayana.

Idona na hagu akwai yana, ba ya gani sosai, amma ta gefensa ina hango wani abu yana ta wulgawa. Na ci gaba da magana, ina sauraron bayana. Da na iso inda kura ta maƙale a ƙofa, sai na juya farat ɗaya.

Me zan gani? Saurayin nan ya kumbura kumatu, ya turo ciki, ya ware hannuwa yana mutsu-mutsu kamar mai naƙuda. Irin yadda na yi sak, har ya fi ni.

Jama'a, ba wai ban taɓa ganin kurame suna hira da hannu ba. Ina ganinsu a kasuwa. Amma wannan da bakinsa ya gaishe ni, kuma ko a mafarki ban taɓa kawo kurma a aji ɗaya da masu ji ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne, ɗan cikina yana kwaikwayona a bayan idona, a gaban farfesa, yara suna yi mini dariya.

Na buga sanda a ƙasa.

"Kai! Ɗan gidan uban wane ne kai? Ni sa'ar wasanka ce?"

Ya sauke hannu, ya ce, "Hajiya, ai ni..."

"Ai kai me? Biri aka ɗauko ka yi mana? Fita! In kana nan ba zan ƙara cewa uffan ba."

Bilkisu ta taso da sauri, "Kaka, tsaya, tsaya don Allah."

Ina! Mai tatsuniya in ya hau, ba ya sauka sai ya kai gangara. Na ture hannunta. Malam Garba, don shi ne saurayin, ya ja da baya har bakin ƙofa, saboda kunyar furfura. Na juyo kan yarinyar, na nuna ta da sanda.

"Ke kuma, mai kan tsintsiya. Tun ɗazu ina magana kin ƙi amsawa, kin zauna kina ƙyalƙyala wa wancan dariya. Ba a koya miki gaida manya ba? Ko kurma ce ke?"

Wasu yara a tsakiyar aji suka tuntsire da dariya. Ba mugunta ba ce, yara ne, sun ga tsohuwa ta yi tambayar da kowa ya san amsarta. Amma Zulai ba ta san me na ce ba. Abin da ta gani shi ne sanda a fuskarta, bakina yana motsi da fushi, ta waiga ta ga haƙoran 'yan ajinsu a waje. Ta nemi malaminta inda ya saba tsayawa, ba ya nan, na kore shi. Ta ɗaga 'yan hannuwanta tana tambaya, babu mai amsa mata.

Sai wata mata ta miƙe daga baya, cikin hijabi ruwan toka. Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

"Eh, Hajiya, kurma ce. 'Yata ce."

Ta ratso tsakanin bencunan yara, ta kama hannun yarinyar, ta ɗauki 'yar jakarta, ta tsaya gaban Bilkisu.

"Malama, mun gode. Kin tuna abin da na ce miki."

Suka fita.

Na sauke sandata a hankali. Farfesa ya sunkuya yana kallon takalminsa. Shugaban makaranta ya shiga tari. Wayar nan kuwa tana tsaye tana ɗauka, ba ruwanta. Wani yaro daga baya ya ce, "To kurar ta fita?" Har yau kurar nan tana maƙale a zaure.

Muka shiga mota. Da Bilkisu ta zage ni da na ji sauƙi, amma sai ta juya fuska ga taga tana share ido da gefen mayafi. Injiniya ya faɗa wani rami har kaina ya bugi rufi, amma wannan karon ban yi masa tsiya ba.

Washegari na aika a kira mini Malam Garba. Na ba shi haƙuri, na ce, "Ɗana, tsufa ne da wauta." Ya ce wallahi ya yafe, har ya ƙara da cewa bai taɓa jin daɗin fassara irin na ranar ba, kafin a kore shi. Na ce ya koya mini yadda ake ba da haƙuri da hannu. Ya nuna mini, na yi ta maimaitawa da yatsun nan nawa da sanyin ƙashi ya lanƙwasa, har ya ce ya isa, za a gane.

Muka tafi gidan Talatu ni da Bilkisu. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe ni da ladabi. Na yi magana mai tsawo, irin wadda na iya, da karin magana da komai. Ta saurara har na gama.

"Ba komai, Hajiya. Ai ba ki sani ba."

Irin "ba komai" ɗin nan da ta fi mari zafi. Bilkisu ta roƙe ta ta bar yarinyar ta dawo. Talatu ta ce, "Malama, in babba mai furfura ya yi haka, me zan jira daga yara?"

Zulai tana leƙe daga bayan labule. Na juya gare ta, na ajiye sanda nesa da ni, na yi abin da aka koya mini. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, ta daɗe tana dubana. Sannan ta saki labulen.

Ba a yi mako ba aka kai Zulai garin Itas wajen gwaggonta, wai ta taya ta aikin gida.

Bilkisu ta ƙarasa bincikenta da sauran yaran, ta samu digirinta. Farfesa ya ce lallai abin da ya faru ya shiga kundin, don masu zuwa su san cewa ba yara kaɗai ake shiryawa ba, har da baƙon da za a kawo musu. Aka zo neman izinina. Na ce su sa, amma su rufa mini asiri. To, ina cikin littafin jami'a yanzu, an ce da ni "wata dattijuwa". Duk Azare kuwa babu wanda bai san ko wace dattijuwa ba ce.

Wannan bai dame ni ba kamar bencin gaban nan da Zulai ta bari. Duk wanda na ji zai je Itas sai na ba shi saƙon gaisuwa da 'yar alewa. Bilkisu ba ta daina zuwa wajen Talatu ba. Maganar ƙarshe da ta kawo mini ita ce, an ce a bari sai bayan girbi a gani. An yi girbi, an kai gero rumbu, muna nan muna gani.

Abin da na koya, da tsufana, shi ne na shekara saba'in da ɗoriya ina horar da bakina, ban taɓa tura kunnena ko makarantar allo ba. Allah ya ba ni guda biyu, lafiyayyu, ko allura ta faɗi ina ji. Amma a ajin nan, duk da kuramen da ke cikinsa, ni kaɗai ce aka yi ta yi wa magana ban ji ba.