Ranar da 'Yan Tsaki Suka Tona Mini Asiri

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin a shagon Hajiya ba. Shagon abincin kaji da 'yan tsaki ne a unguwar Liman Abaji. Shekarata huɗu a ciki, kuma kowa ya san Hajiya za ta buɗe reshe a Nasarawa, ni za ta damƙa wa. Har na fara tafiya irin ta manaja.

Ina da wata baiwa da ban taɓa rubutawa a takardar neman aiki ba: na iya kwaikwayon rashin sabis. In kwastoma ya kira da maganar da ba ni da amsarta, sai in riƙa gutsuttsura zancena, in haɗiye rabin kalma, in murza leda kusa da waya, sannan in kashe. (Kada ka yi mini wannan kallon, kai ma ka taɓa yi wa wani.)

Ana nan sai Hajiya ta dawo daga Abuja da sabon tsarin waya mai aiki da intanet. Lambar shago ɗaya ce, amma in an kira sai wayoyinmu duka su yi ƙara, ko kana shago ko kana kan babur. Kana iya miƙa wa abokin aiki kira ba tare da mai kiran ya kashe ba. Sannan yana naɗar kowace hira, don kada kwastoma ya rantse buhu goma ya ce, mu mu rantse takwas. Ranar da aka koya mana, ni na fi kowa jinjina kai. Maganar naɗar hira kuwa ta bayan kunnena ta bi, don lokacin ina tunanin irin kujerar da zan sa a ofishina.

Akwai wata kwastomarmu, Mama Rifkatu, tsohuwar malamar firamare da ke kiwon kaji a unguwar Yara. Ta yi odar 'yan tsaki ɗari biyu don su isa sayarwa kafin Kirsimeti. Na ce mata an gama, na kuma manta ban sa sunanta a jerin masu oda ba. Ranar Asabar da mota ta sauke kaya, Mama ta kira, ina tsaye a tsakiyar kwalayen 'yan tsaki, duk na wasu. Na laluba aljihu, na zaro leda, na yi abin da na saba.

Ran Litinin Hajiya ta tara mu, har da maigidanta Alhaji da ya zo ganin sabon manaja. Ta ce za ta kunna kirana na ƙarshe don abokiyar aikina Ladi ta koyi yadda ake tarbar kwastoma. Na gyara zama ina murmushi, wallahi ban tuna wane kira ba ne.

Sai ga muryata a lasifika, tas kamar ina cikin ɗakin sau biyu: "Mama, ba na... ji... sab... hel..." Ga ƙarar leda, kacau-kacau. A bayana kuma 'yan tsaki suna ta kuka, ko sau ɗaya nasu bai yanke ba. Can sai muryar Mama ta fito, maganar da ban ji ba ranar saboda na janye wayar daga kunne ina fama da leda.

"Ɗana, shekara talatin ina koyar da yara. Ban taɓa ganin sabis ɗin da ke yanke muryar mutum ya bar ta kaji ba. In ka manta ne, ka ce ka manta."

Alhaji ya yi dariya har ya ƙware. Ladi ta kafa wa silin ido, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Hajiya ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe jakarta, ta ciro baƙar leda, ta miƙo mini.

"Yi mana mu gani," in ji ta. "Ni ma ka sha yi mini, ina ta zagin kamfanin waya."

Kuma na yi. (In faɗi gaskiya, ya fita da kyau.)

Ladi aka ba reshen Nasarawa. Ni aka tura Yara in ba Mama haƙuri, na same ta tana share ɗakin kajin da babu ko ɗan tsako a ciki. Wannan ya fi dariyar Alhaji yi mini ciwo, don kajin da muka samo mata daga baya ba su isa sayarwa kafin Kirsimeti ba.

Yanzu gaskiya nake faɗa a waya. Ba waliyyi na zama ba, na dai gano cewa "Mama, na manta" kalma uku ce, faɗan minti biyar za ta jawo mini a wuce wurin. Na ƙi faɗarta, ga shi yau Ladi nake kira ranki ya daɗe.