Gawayin Cindo a Ɗakin Awaki

A ƙauyenmu akwai wani bawan Allah wai shi Cindo. Mutumin kirki ne, ga ƙarfi kamar bijimin sa, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Gidan daga shi sai matarsa Tabawa, da 'ya'ya uku, da awaki biyar. Gonar da suke ci ta aro ce, ta kawunsa Barau, kuma ta gaji, yashi ne zalla. Bayan girbi Kawu ya dubi ɗan geron da aka samu ya ce, "Damina mai zuwa ce ta ƙarshe. In ba ta yi ba, na karɓe na ba mai iyawa." Ranar Tabawa ko tuwo ba ta iya ci ba.

Wata rana malamin gona ya tara mu, ya ce a ƙona kara a rami ya zama gawayi, yana riƙe wa ƙasa ruwa. "Kowa ya tara duk karan da yake da shi," in ji shi. Cindo ya kwashe na gona, ya dawo gida ya tuge danga, ya wuce makewayi ya sunkuci nasa. Ashe Tabawa na ciki tana wanka! Ihun da ta yi har bakin rijiya muka ji.

"Malam, ka haukace ne?"

"Duk aka ce, Tabawa. Wannan ba kara ba ne?"

Wata rana kuma aka cinna wa ramin wuta. Malamin ya ce a rufe da ƙasa, kada a bar ƙofar iska ko ɗaya. Cindo ya rufe. Sai ga hayaƙi na tsirtowa ta wata kafa, kwandon ƙasa kuma ya yi nisa. Gogan naka ya zauna a kai. Ni na fizge shi, wallahi, wando ya riga ya tafi. Kwana huɗu a tsaye yake cin abinci, amma gawayi ya yi kyau.

Malamin ya ce zai dawo ya koya mana sauran aikin, sai ya kwanta rashin lafiya. Mu da muke ganin muna da wayo muka watsa namu gawayin a gona haka nan. Wata rana hadari ya taso, Tabawa za ta garinsu jinyar uwarta, ta ce, "Malam, ka kai gawayin nan inda ruwan sama ba zai taɓa shi ba." Ɗakin awaki ne kaɗai ba ya yoyo. Nan ya zazzage shi a ƙasa.

Sai bayan mako uku ta dawo. Awaki sun tattake shi ya zama gari, ga kashi, ga fitsari, zarni ya cika gida. Ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni! Ka kashe mu, gona ta tafi!"

"Ruwan sama kika ce. Wannan na awaki ne."

Tana kuka ta kwashe ƙazantar ta zuba a gona, don dai ta rabu da warin.

Da shuka ta kai gwiwa malamin ya warke ya zagayo. Geronmu duk ya yi rawaya. Na Cindo kuwa kore shar! Malamin ya damƙi ƙasar ya shinshina, ya ce gawayi in bai sha taki ba tukuna, abincin shuka yake fara zuƙewa. Abin da ya so koya mana ke nan. Kunya ta ishe ni.

Da kaka Kawu Barau ya zo, ya zaga gonar sau biyu yana taɓa zangarniya. Tabawa na durƙushe, ko numfashin kirki ba ta yi.

"Tashi, 'yar nan," ya ce. "Gona tana hannunku muddin ina raye."

Ta zube a kan kunyar gero tana dariya da hawaye, sai "Alhamdulillahi" take yi. Kawu ya juyo ga Cindo.

"Kai kuma gobe ka aro mini awakin nan."

Cindo ya ce, "To Kawu. Su kaɗai, ko har da fitsarin?"