Takubban Nomau

A ƙarshen garinmu, Tudun Gawo, inda hanya take gangarawa rafi, akwai wani gida mai ɗaki biyu da dangar zana. Mutum biyu ne a cikinsa, sai akuya ɗaya. Akwai Gwaggo Tasalla mai sayar da yaji, wadda bakinta ya fi yajinta zafi. Akwai kuma ɗan ƙaninta Nomau, wanda ya ba shekara arba'in baya, ba mata ba ɗa. Nomau ba mahaukaci ba ne, kada wani ya je ya ce ni na faɗa. Matsalarsa ɗaya ce: yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Saboda haka ba mai zama da shi sai don dariya. In ya zo majalisa a tsokane shi, in an gaji a ce ya tafi, shi kuwa ya tafi. Akuyar nan ce abokiyar hirarsa, ita ma rabin hankalinta na kan dusa.

Wata rana Gwaggo ta aike shi ya kai wa Malam Ilu yaji. Malam Ilu tsohon malamin firamare ne, matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a birni. Waɗanda ya koyar sun cika garin, amma iyakacinsu su ɗaga masa hannu daga kan babur. Nomau ya tarar da shi a zaure yana ninka takarda, ba almakashi ba gam, har ta zama ɗan takobi. Malam ya ce tun a kwalejin horon malamai ya koya, wai mutanen Japan origami suke kiran abin. Da yake ya daɗe bai sami mai saurarensa ba, sai ya miƙa wa Nomau takarda ya ce, "Zauna. Duk abin da ka ga na yi, ka yi." Malam ya ninka biyu, Nomau ya ninka biyu. A ninki na uku tari ya kama Malam, Nomau ya yi tari. Malam ya gyara tabarau, Nomau ya gyara tabarau ɗin da ba shi da shi. Da aka gama, Malam ya ƙura wa takobinsa ido, ya manta akwai mutum a gabansa, ya yi ajiyar zuciya ya ce a hankali, "Allah ya ji ƙan Lantana." Nomau ya yi ajiyar zuciya ya maimaita. Malam ya ji kunya, ya kau da kai. Takobin Nomau ya fito a karkace kamar ƙahon rago, amma shi ya riga ya haddace darasi: tari a ninki na uku, tabarau a na biyar, addu'a a ƙarshe.

Wata rana takardar Malam ta ƙare. Ya ce wa Nomau ya je ya samo, duk inda ya gani, ya yanko ta gefe huɗu daidai wa daida. Nomau ya ɗauki reza ya nufi teburin mai shayi. A can Alhaji Barau, mai sayen hatsi, yake zama da jaridar da yake sayowa a birni, ya buɗe ta a gaban fuska don a san shi ma yana karatu. Ranar gyangyaɗi ya ɗauke shi a bayanta. Nomau ya auna da yatsa, ya yanke tsakiyar jaridar tsaf, ya yi gaba. Alhaji ya farka ya ga mutanen majalisa ta tagar da aka yanke masa a jarida suna riƙe ciki. Dole Malam ya ɗauki sanda ya tako har wurin ya ba da haƙuri, kuma wannan ne karon farko da aka gan shi a majalisa tun bayan sadakar arba'in ta matarsa.

Wata rana Nomau ya yi takobin da bai karkace ba. Malam ya yaba, ya ce ya tafi da shi gida, sai dai ya sani takobin takarda ba ya shiri da ruwa, kada ya kuskura ko ɗigo ya taɓa shi. Da la'asar hadari ya taso. Nomau ya duba ɗakinsa, rufin yana yoyo. Ya duba tsakar gida ya ga babbar ledar da Gwaggo ta lulluɓe buhun barkononta da ita kafin ta tafi barkar haihuwa. Ya yaye ledar ya nannaɗe takobinsa ninki bakwai, ya zauna a kai. Da Gwaggo ta dawo ta tarar barkono ya sha ruwa ya ƙoshi, sai da ta zagaya gidan da Nomau sau uku da muciya a hannu. Shi kuwa yana gudu yana ɗaga takobin sama, yana nuna mata ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Haka aka ci damina. Kullum da hantsi Nomau yana zauren Malam. Daga takobi miƙaƙƙe suka wuce zuwa mai mariƙi, daga nan zuwa lanƙwasasshe. Saura ɗaya, wanda Malam ya ce shi ne ƙarshen karatu: takobi mai kube, wanda ake zarewa a mayar. Amma ya kafa masa sharaɗi, kullum ya ninka ɗaya ya kawo masa, ba zai koya masa mai kube ba sai ya duba ya ce ya yi. Ana cikin haka idon Malam ya ƙara lalacewa. 'Yarsa Hajiya Saude ta zo da mota ta ɗauke shi zuwa asibiti a birni, aka sa wa zauren kwaɗo. Ba wanda ya tuna ya yi wa Nomau bayani.

Wata rana, kashegarin tafiyar ke nan, aka ga Nomau a ƙofar zauren da hantsi. Ya yi sallama, ya zauna a dakali, ya ninka takobinsa da tarinsa da komai, ya tura shi ta ƙarƙashin ƙofa, ya jira a ce ya yi ko bai yi ba. Da rana ta take ya tashi. Gobe ma haka, jibi ma haka. Da takarda ta yanke masa ya koma tsintar takardar buhun siminti yana gogewa da hannu. Mutane suka yi dariya har suka gaji suka daina, kuma ni a ganina dainawar ta fi dariyar ciwo. Aka yi girbi, aka kai amfani gida, Nomau yana nan a dakalin shi kaɗai, wani lokaci da akuya.

Wata rana Hajiya Saude ta dawo ita da direba. Labari ya bazu cewa an makara, idon Malam ya tafi gaba ɗaya, ba zai dawo garin ba, kuma Alhaji Barau zai sayi gidan ya mai da shi rumbun hatsi. Da aka buɗe kwaɗon ƙofa ta ƙi turuwa. Direba ya sa kafaɗa, sai ga takubban takarda tuli guda, sun fi ɗari. Hajiya ta tambayi wannan sharar ta mece ce. Nomau ya ce ba shara ba ce, Malam ne bai duba ba tukuna. Ta ce masa Baba ba ya gani yanzu. Ya ce ai shi Malam cewa ya yi sai ya duba. Ranta a ɓace yake dama, ga gajiyar hanya, ga Alhaji yana auna bango da taku. Ta ce cikin gatse, "To kwashe ka kai masa can birnin!" Nomau ya kwashe su a buhu, ya buɗe motarta ya shiga ya zauna. Aka yi lallashi, aka yi tsawa, Gwaggo ta zo da muciya, ya ce Hajiya ce ta ce ya kai. Yamma na yi, Hajiya ta ce wa Alhaji a bar maganar sai wani mako, suka kama hanya da Nomau da buhunsa a cinya.

Sun tarar da Malam a kan tabarma, fuska ga bango. Fiye da wata uku ke nan ba ya magana sai amsa gaisuwa, abinci ma sai an yi da gaske. Nomau ya durƙusa ya gaishe shi, ya zaro takobi ɗaya ya sa masa a hannu. Malam ya shafa shi tun daga tsini har mariƙi, sai aka ji muryar da rabon da a ji ta tun yana gaban allo: "Wannan ninkin ya karkace. Sake!" Nomau ya ɗauko takarda. Ya yi tari a ninki na uku, ya gyara tabarau a na biyar, da ya gama ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah ya ji ƙan Lantana."

Hajiya Saude tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon abinci. Lantana uwarta ce. Baba kuwa irin mutanen da ne, tun tasowarta ba ta taɓa jin ya kama sunan matarsa ba, har ta ɗauka rasuwar ba ta dame shi ba. Ta tambayi Nomau inda ya sami sunan. Ya ce a wurin Malam, ai in ba a faɗa ba takobi bai kammalu ba, kowane ɗaya da ke cikin buhun nan sai da ya faɗa. Ta dubi buhun, ta dubi ubanta da ya sunkuyar da kai hawaye na bin gemunsa, ta ajiye kwanon ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

Malam ya share fuska ya ce takubba sun fi ɗari, shi kuwa ɗaya yake dubawa a rana, kuma ba ya duba aikin ɗalibi sai a zaurensa. Dole aka dawo da shi Tudun Gawo, Alhaji Barau ya nemi rumbu a wani wuri. Har yau in ka bi ta ƙofar da hantsi za ka ji tari biyu, ɗaya na gaske ɗaya na darasi, don Malam bai ce ya yi ba tukuna, kuma na san ba ya gaggawar faɗa.