Ranar da Na Sa wa Mota Bargo

Ba zan taɓa mantawa da cutar da taubashina Sanda ya yi mini ba, ko da yake rabin aikin wautata ce ta yi shi.

Lokacin an gama konferans, babban taron ƙasa na Nijar, jam'iyyu sun fito kamar fara, kowa na neman motar kamfe. Ni kuwa ina da tsohuwar motar da babana ya bari. Na kai ta Maraɗi aka yi mata fenti baƙi wul irin na manya, har kana ganin haƙoranka a jiki. Nan da nan aka ce ni zan shiga da ɗan takararmu garin Gidan Rumji ranar kasuwa. Ni da na bar lakol, makarantar boko, a aji huɗu, yau ni ne gaban ayari!

Sai ga Sanda (wata uku kacal ya yi a garaji, amma ji yake shi ya ƙera mota). Ya ɗaga kapo, murfin injin nan, ya girgiza kai.

"Taubashi, ina bargon da nasara ke liƙawa a nan? Zafin inji zai toye fentin nan kamar ƙosai."

Shekara ashirin motar na yawo ba bargo, amma ban tuna ba. Na farke matasan kai biyu na matata Hajara, na ɗura audugar rimin cikin buhun garara, ni da Sanda muka ɗaure da waya a ƙarƙashin kapo. Ta ce, "Malam, motar ma sanyi take ji?" Na ce ta yi shiru, harkar ilimi ce.

Mun iso bakin kasuwa, ana kiɗa, mata na guɗa, sai na ji ƙauri. Na ce masu tsire ne. Kafin in rufe baki hayaƙi ya turnuƙe. Ɗan takara ya yi waje, ba hula, takalmi ɗaya. Jama'a suka yi ta watsa ƙasa, wata Bafulatana ta juye ƙwaryar nononta a kan kapo. Fentin da nake tattali ya ɓare kamar ƙanzo. A amalanke ɗan takara ya ƙarasa, ni kuma har yau Mai Bargo ake kirana.

Washegari na iske Sanda a gindin bedi yana shan shayi. Wai, "Taubashi, ai audugar ce ka cika."

Na ce, "Sanda, kai jaki ne, amma wanda ya bi jaki ya fi shi. Na koyi abu ɗaya: mai kare fenti inuwa yake nema, ba bargo ba. Yanzu tashi mu je, da bakinka za ka faɗa wa Hajara inda matasanta suka tafi."