Kofin Sarkin da Ba a Naɗa Ba

"Wa nake gani kamar Sarki Henry mai mata shida, mai sare wuyan mata? Shigo, agwagwata, amma ka goge ƙafa."

"Ina kwana, Sarauniya Victoria. Yau ma makokin ake yi, ko kin yafe wa duniya?"

Haka Edna Brassington da jikanta Gavin suke gaisawa duk Asabar. A garin Stoke, wanda kake so agwagwa kake ce masa, ko da kuwa ƙaton direban babbar mota ne irin Gavin. Edna ta cika shekara saba'in da biyar, rabinsu ta cinye su tana zana ruwan gwal a bakin kofunan tangaran. A falonta akwai kanta guda da ta jera kofunan naɗin sarauta. Na Sarki George na Shida ne ya faɗi ya fashe, shi ne ta aiki Gavin kasuwar tsofaffin kaya ya samo mata wani.

Shi kuwa abin da ya dame shi daban ne. Connie, yayar Edna, tana kwance asibiti a Crewe, likitoci sun ce da wuya ta ga Kirsimeti. Sau uku yana roƙon kakarsa ta je, sau uku tana cewa gwiwa. Gwiwar nan dai ita ke kai ta kasuwa kullum, ba ta taɓa yin gardama ba.

"Budurwa ta nawa muke ciki yanzu?" in ji Edna. "Ta huɗu? Ka ce mata ta riƙe wuyanta da kyau."

"Ni ban taɓa sare kan kowa ba, Kaka. Su ke korata."

"Sun yi hankali. Mutumin da ko burodi ya gasa sai ya ƙone! Sarki Alfred da ya ƙona wainar mutane aƙalla yaƙi ne a ransa. Kai fa?"

"Ke za ki sani, ai ke ce mai wainar. An ce har da tsintsiya kika bi shi."

"Ja'iri. Ina aikena?"

Ya zaro wani abu naɗe cikin jarida ya ajiye a teburi. Ta warware, ta gyara tabarau, sai ta ɗago kai.

"Gavin, wa na ce ka kawo?"

"Sarki."

"George na ce! Wanda ya tsaya ana ruwan bama-bamai bai gusa ba. Kai kuma ka kwaso mini Edward, wanda ya ajiye mulki ya bi mace tun kafin a ɗora masa kambi!"

"Uwa ɗaya uba ɗaya ne fa. Ki rufe ido ɗaya, zai koma George."

"Makarantar da aka kai ka a je a karɓo haƙuri."

"Laifinki ne. Duk tarihin da na sani daga bakinki na ji, ke da aka yi komai a gabanki. Ba ke kika riƙe wa Sarki Canute takalmi ba ranar da ya ce teku ta koma baya?"

"Da ina wurin da ta koma."

Tana magana, hannunta na yin abin da ya saba. Mutanen Stoke ba sa iya riƙe kofi ko faranti ba su kifa shi sun duba ƙasansa ba, ko a gidan biki ne, don su ga inda aka yi shi. Masu zanen gwal kuma kowacce tana da 'yar alamarta da take sawa gefen hatimin masana'anta, domin mai duba aiki ya san hannun wa ya taɓa. Edna ta kifa kofin. Ɗigo biyu ne da 'yar ƙugiya.

"A wace rumfa ka saya?"

"Wajen wani... mai hula."

"Mai hula. In kana ƙarya kunnenka ke ba da kai, kamar kakanka. Wannan hannun Connie ne."

"To, mai hular ce ba ta da hula. Jiya na je wajenta. Ita ta ce in kawo miki."

Edna ta zauna. Ta san kofin nan fiye da yadda ta san fuskar jikanta. Tana da shekara sha biyar, Connie sha bakwai, benci ɗaya suke aiki. Wata biyu suna zana kofunan naɗin Edward, sai ga labari sarki ya yi murabus. Mai masana'antar ya fusata, ya ce a fasa su duka a tsakar gida, kar ya ga ko ɗaya. Connie ta kasa, don ba ta taɓa jan layi mai kyau kamar na wannan ba, ta cusa shi cikin rigar aikinta. Mai duba aiki ya ƙirga ya ga babu ɗaya, ya ja Edna gefe ya ce ko ta faɗa ko a kore su su biyu. Ta faɗa. Aka kori Connie, ta tafi Crewe wankau, a can ta yi aure, ba ta sake riƙe burushi ba. Kuma Connie ce gwanar a cikinsu, Edna ta san wannan sarai.

"Shi aƙalla ya fito a rediyo ya faɗi abin da ya yi," ta ce tana kallon hoton sarkin. "Ni shekara sittin ina zaginsa matsoraci."

"Kaka?"

"Ni na tona ta, Gavin. Ni na sa aka kore ta. Ta rubuto wasiƙa shafi huɗu, in mayar da layi biyu. A jana'izar mamarmu ma can gefe na tsaya. Tsoro nake in ta dube ni da kyau ta gane. Yanzu kana so in je in tsaya a kanta tana wannan hali, ta ce mini ƙanwata?"

Gavin ya sosa ƙeya.

"Akwai saƙo. Ta ce kar in faɗa sai kin fara."

"Faɗi."

"Ta ce ta sani tun a ranar. Wai tana leƙe ta taga, ta gan ki kina nunawa kina kuka. Ta ce ta yi fushi ƙwarai."

Edna ta runtse ido.

"Fushin kwana uku."

"Kwana nawa?"

"Uku. Ta ce da huɗu za ta yi, sai kika bar mata rabin wainarki da cuku a ƙarƙashin matashi."

Dariya ta kufce wa Edna, irin wadda ke fitowa tare da hawaye, har sai da ta cire tabarau. Baƙin ciki ne ya cika ta, ba na korar ba ma, na shekarun da ta zubar tana gadin sirrin da ba sirri ba.

"Kwana uku! Muguwa. Ba za ta faɗa mini ba?"

"Ta ce ta faɗa a shafi na uku, sau biyu."

"Ban taɓa wuce shafin farko ba," in ji Edna a hankali.

Ta daɗe tana shafa layin gwal ɗin da babban yatsa. Ko kaɗan bai karkace ba.

"Ka yi galaba yau, ɗan banza. Ɗora ruwa a wuta, ka cika fulas. Shayin asibiti wankin kwano ne. Kofin nan ba a taɓa zuba masa komai ba, yau za a zuba."

"In ɗauko na biyu daga kanta?"

"Bar su. Kofi ɗaya muke sha a da, a benci." Ta miƙa hannu ya ba ta rigar sanyinta. "Ita ke fara kurɓa. Yi sauri, kar ya huce."